Darasi Na Goma Sha Ɗaya: Daidaita Awon Haske Bayan Sauya Allon Saiti

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai koyo ya iya abubuwa huɗu:

1. Ya bayyana dalilin da ya sa sauya allon saiti yake iya rikita ma'aunin haske.
2. Ya gane ko kyamararsa tana cikin waɗanda sauyin yake shafa.
3. Ya auna bambancin da sabon allo ya kawo, da hannunsa, ba tare da ya kai wa mai gyara ba.
4. Ya sa gyaran a inda ya dace, ya kuma tabbatar da shi a kan fim.

Kalmomin aiki

Gilashin gaba: gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda haske yake shiga ta cikinsa.
Allon saiti: ɗan siririn allo mai dishi-dishi da ke saman madubi, wanda hoto yake bayyana a kansa kafin a ɗauka.
Tagar leƙe: inda mai hoto yake sa idonsa.
Ma'aunin haske: na'urar da take faɗa wa mai hoto yawan hasken da fim yake bukata.
Kafar haske: ramin da ke cikin gilashin gaba, mai buɗewa da tsukewa. Lambobinta su ne f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16.
Saurin labule: tsawon lokacin da labulen da ke gaban fim yake buɗewa, kamar 1/60, 1/125, 1/250, 1/500 na daƙiƙa.
Mataki: ninka haske sau biyu, ko raba shi biyu. Daga f/8 zuwa f/11 mataki ɗaya ne. Daga 1/125 zuwa 1/250 ma mataki ɗaya ne.

Hanyar da haske yake bi

A darasin da ya gabata mun koyi karanta ma'aunin haske. Yanzu za mu duba abin da ma'aunin yake kallo a lokacin da yake awo, domin a nan ne sirrin darasin yau yake.

A kyamarar fim mai madubi, irin wadda ake kira SLR, haske yana shiga ta gilashin gaba, ya sami madubi a jingine, madubin ya harba shi sama. A saman ne ya faɗa kan allon saiti, hoto ya bayyana. Daga nan wani dunƙulen gilashi mai kusurwoyi ya juyo da hoton daidai, ya miƙo shi tagar leƙe. Abin da idonku yake gani ke nan: hoton da ke kan allo. Idan kuka danna maɓalli, madubi ya ɗaga, labule ya buɗe, haske ya zarce kai tsaye zuwa fim. Ku lura da wannan da kyau: hasken da yake zuwa fim ba ya bi ta allon saiti ko kaɗan.

Ma'aunin da yake awo ta cikin gilashin gaba ya fara yaɗuwa ne a kyamarorin Japan, da Topcon RE Super a 1963 da Pentax Spotmatic a 1964. A Spotmatic, da kyamarori masu yawa da suka biyo bayanta, an dasa ƙwayoyin awon ne a gefen tagar leƙe, suna kallon allon saiti kamar yadda ido yake kallonsa. Kamfanin da ya ƙera kyamarar ya daidaita ma'aunin da allon da ya sa mata tun daga masana'anta. Ya san yawan hasken da allon yake tarewa, ya sa shi cikin lissafi.

Ku ɗauki mutumin da ke zaune cikin ɗaki, yana ƙiyasta ƙarfin rana ta hasken da ke ratso asabarin ƙofa. Ya saba da asabarinsa, ƙiyasinsa ba ya kuskure. Ranar da aka sauya masa da wani mai sakakkiyar saƙa, ɗakin zai ƙara haske, shi kuwa ya ce rana ta ƙwalle, alhali ranar tana nan yadda take. Haka ma'aunin haske yake idan aka sauya masa allo. Hasken waje bai canja ba, fim bai canja ba, abin da ma'aunin yake kallo ne ya canja.

Me ya sa ake sauya allo

Dalili na farko shi ne lalacewa. Yawancin allunan saiti na roba ne mai laushi, kuma fuskarsu tana da ƙananan zane-zane da ido ba ya gani sosai. Gogewa ɗaya da bakin riga tana iya barin tabon da ba ya fita. A ƙasarmu, inda ƙurar hunturu take shiga ko'ina, an fi samun allon da aka ɓata wajen ƙoƙarin share shi. Ku riƙe wannan: ƙurar da ke kan allo ba ta fitowa a hoto. Idan ta dame ku, ku hure ta da 'yar robar hura iska, kada ku shafa, kada ku sa ruwa ko sinadari.

Dalili na biyu shi ne irin aiki. Akwai allon da ke da da'ira a tsakiya mai raba hoto biyu: idan saiti bai yi ba, sai a ga layi ya karye, idan ya yi, sai ya haɗe. Akwai mai layukan murabba'i, wanda yake taimaka wa mai ɗaukar gine-gine ko takardu kada hoto ya karkace. Akwai kuma fili zalla ba komai a kansa, wanda ya fi dacewa da dogon gilashi. Tun daga Nikon F ta 1959, kyamarorin ƙwararru suke ba da damar zaɓe tsakanin irin waɗannan.

Dalili na uku shi ne neman haske. Tsofaffin alluna suna da duhu, musamman cikin ɗaki ko da almuru, kuma idon mutum yana raguwa da shekaru. Sababbin alluna, kamar Acute Matte na kamfanin Minolta, sun fi barin haske ya wuce. Wannan nau'in sauyi ne ya fi kawo matsalar awo, domin ƙarin hasken da ya faranta wa ido rai shi ne yake ruɗar ma'auni.

Ba kowace kyamara ce mai ita zai iya sauya wa allo ba. Pentax K1000 da Canon AE-1, dukansu na 1976, sai an kai wa mai gyara. Nikon FE, Olympus OM-1, Pentax MX da Canon AE-1 Program kuwa, ana fito da allonsu ta bakin da ake ɗaura gilashi, da ɗan hantsakin da yake zuwa tare da sabon allo. Ko wa ya yi sauyin, gwajin da za mu koya iri ɗaya ne.

A ina ma'aunin kyamararku yake zaune?

Kafin ku taɓa komai, ku san rukunin da kyamararku take ciki. Littafinta yana faɗa.

Rukuni na farko: ma'auni yana saman allo. Nan ne yawancin kyamarori suke, kamar Spotmatic, K1000, OM-1, MX da Nikon FE. Duk sauyin allo a nan yana bukatar gwaji. Misali sananne shi ne na Nikon: allon K2 da ya zo da FE2 a 1983 ya fi allon K na FE ta 1978 haske. Girmansu ɗaya, kowanne yana shiga gurbin ɗan'uwansa, amma musayar tana karkatar da awo da kimanin rabin mataki.

Rukuni na biyu: ma'auni yana karɓar haske kafin ya kai allo. A Nikon F3 ta 1980, wani ɓangare na haske yana ratsa madubi, wani ƙaramin madubi a baya ya tura shi ƙasa inda ƙwayar awo take. Pentax LX ta 1980 da Olympus OM-4 ta 1983 su ma a ƙasan akwatin madubi ƙwayarsu take. Waɗannan, ko wane allo aka sa musu, awonsu yana nan daram.

Rukuni na uku: masu hali na musamman. Olympus OM-2 ta 1975 tana da awo iri biyu. Idan tana aiki da kanta, daga fuskar labule da fim take auna haske a lokacin ɗauka, don haka allo bai shafe ta ba. Idan kuwa mai hoto ne yake saitawa da hannu yana bin allura, ƙwayoyin da ke saman allo ne suke aiki, sauyin ya shafe su. A Canon New F-1 ta 1981, allon kansa ne yake karkata haske zuwa ƙwayar awo, kuma shi ne yake yanke faɗin wurin da za a auna: allo mai harafin A yana auna fili duka da fifita tsakiya, mai P yana auna kashi 12 cikin 100, mai S kashi 3 kacal. Wanda ya sauya allo a wannan kyamara ya sauya salon awonta gaba ɗaya.

Wane gefe kuskuren yake karkata?

A nan ne masu koyo suka fi rikicewa, don haka mu bi shi a hankali.

Idan sabon allo ya fi tsohon haske, ma'auni zai ɗauka wurin ya fi haske. Sai ya ba da shawarar a tsuke kafar haske ko a ƙara saurin labule. Wanda ya bi shawarar ya rage wa fim haƙƙinsa, hoto ya fito da duhu. Allo mai haske, hoto mai duhu. Magani shi ne a ƙara wa fim haske.

Idan sabon allo ya fi tsohon duhu, ma'auni zai ɗauka gari ya lumshe, ya ce a buɗe kafa ko a rage sauri. Haske ya yi wa fim yawa, hoto ya fito a wanke. Magani shi ne a rage.

Kuskure na farko ya fi ciwo, musamman a aikinmu. Fim ɗin da ake wanke hotuna daga gare shi, wato nagatif, yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa. Idan haske ya gaza, wuraren duhu ne suke fara ɓacewa, kuma abin da fim bai kama ba, babu mai wankin da zai dawo da shi. Ku tuna da hoton ɗaurin aure ko na Sallah: fararen manyan riguna cike da fili, da fuskoki masu duhun fata. Farin tufafi ya riga ya ja ma'auni ya rage haske. Idan allo ya ƙara rage rabin mataki ko mataki guda a kan wannan, riga za ta fito tas, aikin wuyanta a bayyane, fuskar mai rigar kuwa ta dushe. Mutumin da ya biya kuɗin hoto fuskarsa yake nema, da ta mahaifinsa, da ta amininsa. Rana ce da ba ta maimaituwa. Shi ya sa wannan ɗan lissafi yake da nauyi a wuyan mai hoto.

Gwaji kafin sauyi da bayansa

Hanya mafi sauƙi kuma mafi aminci ita ce a yi awo da tsohon allo, a sauya, a sake awo, a ga bambanci. Ba a bukatar fim a cikin kyamara.

Kayan aiki: kyamara da batir mai kyau, gilashin da kuka fi aiki da shi, abin ɗora kyamara mai ƙafa uku ko tebur, bango mai launi ɗaya, takarda da biro.

1. Ku nemi bango mai launi ɗaya wanda haske ya baje a kansa daidai, ba inuwa, ba ƙyalli. Bangon da ke cikin inuwa a rana marar gajimare ya yi. Fitila ɗaya cikin ɗaki ma ta yi, muddin wutar ba ta rawa. Idan kuna da katin toka da ake sayarwa don awo, mai mayar da kashi 18 cikin 100 na haske, ya fi.

2. Ku ɗora kyamara ta fuskanci bangon, ya cika tagar leƙe baki ɗaya. Ku murɗa saitin gilashi zuwa nesa mafi nisa, don kada zanen bango ya shiga awo. Daga nan kada kyamara ta motsa.

3. Ku sa lambar saurin fim, wato ISO ko ASA, a kan 400. Ku sa kafar haske a f/8. Ku juya saurin labule, ku taɓa kafar kaɗan idan ta kama, har allura ta tsaya daidai tsakiya, ko fitilar daidai ta kama. Ku manna ido sosai a tagar leƙe, domin hasken da yake shiga ta baya yana ruɗar ƙwayoyin awo. Ku rubuta lambobin uku.

4. Ku cire gilashi, ku sauya allo. Ku kama shi ta ɗan kunnensa da hantsaki, kada yatsa ya taɓa fuskarsa, kada kuma ku taɓa madubi. Ku tura firam ɗinsa sama har ku ji ya kama. Allon da bai zauna daidai ba yana ɓata saiti, ya sa abin da kuka gani garau ya fito dishi-dishi a fim.

5. Ku mayar da gilashi. Kada ku taɓa kafar haske, kada ku taɓa saurin labule. Ku leƙa. Idan allura tana tsakiya, babu abin gyarawa.

6. Idan ta kauce, ku juya lambar ISO kaɗai, danni ɗaya bayan ɗaya, har allura ta koma tsakiya. Ku ƙirga danni nawa kuka yi, kuma zuwa wane gefe. Wannan adadi shi ne gyaran kyamararku.

A yawancin kyamarori, kowane danni a kan lambar ISO sulusin mataki ne. Jerin lambobin shi ne: 50, 64, 80, 100, 125, 160, 200, 250, 320, 400, 500, 640, 800. Danni uku mataki ɗaya ke nan.

Ga misali. Da tsohon allo, allura ta tsaya a ISO 400, f/8, 1/125. Da sabon allo ta haura, tana nuna haske ya yi yawa. Aka sauko da ISO zuwa 320, ba ta koma ba. Aka sauko zuwa 250, ta tsaya. Danni biyu ke nan zuwa ƙasa, wato sulusi biyu na mataki. Daga yau, duk fim ɗin da aka sa wa wannan kyamara za a sauko da lambarsa danni biyu: fim mai 400 a sa 250, mai 200 a sa 125, mai 100 a sa 64.

Da a ce allurar sauka ta yi, aka haura zuwa 500 ta tsaya, to sabon allon ya fi duhu da sulusi ɗaya: fim mai 400 a sa 500, mai 200 a sa 250, mai 100 a sa 125.

Idan gyaran ya faɗa tsakanin danni biyu, ku zaɓi ƙaramar lambar idan nagatif kuke amfani da shi, domin ƙarin haske kaɗan ba ya cutar da shi. Idan fim ɗin silaid ne, wanda ake haska shi kai tsaye a bango, ku zaɓi babbar, domin shi yawan haske ne yake ƙona masa wuraren fari.

Ku maimaita gwajin a wuri mai ƙarancin haske idan hali ya yi. Amsa biyu da suka zo ɗaya sun fi amsa guda kwantar da hankali.

Inda ake sa gyaran

Hanya ta farko ita ce lambar ISO, kamar yadda muka gani. Ita ce kaɗai hanya a kyamarori irin su K1000 da OM-1.

Hanya ta biyu ita ce maɓallin ƙari da ragi, mai alamar + da −. Allo mai haske yana bukatar ƙari, mai duhu yana bukatar ragi. Wannan ce mafita ga kyamarorin da suke karanta lambar fim da kansu daga jikin gwangwaninsa, tsarin DX da Kodak ya fito da shi a 1983, idan ba su yarda a sauya lambar da hannu ba. Aibinta shi ne maɓallin da ake bukata don gyaran yau da kullum ya riga ya kauce daga sifili, sai mai hoto ya riƙa haɗa lissafi biyu a ka.

Hanya ta uku ita ce wurin da kamfani ya tanada don wannan aiki musamman. Nikon F4 ta 1988 tana da ɗan maɓallin gyaran allo a jikin kan da ake leƙawa ta ciki. Canon EOS-1V kuwa a cikin jerin saitinta ake faɗa mata irin allon da aka sa. Idan kyamararku tana da irin wannan, shi za ku bi, ku bar lambar ISO a kan gaskiyarta.

Ko wace hanya kuka bi, ku rubuta gyaran a 'yar takarda ku manna a bayan kyamara, misali: “Sabon allo, sauko da ISO danni 2.” Bayan wata shida ba lallai ku tuna ba, kuma wanda ya ari kyamarar ba shi da hanyar sani.

Abu ɗaya kuma: wannan gyara tsakaninku ne da ma'aunin kyamara. Fim mai 400 yana nan mai 400. Idan kun kai wanki, a wanke shi yadda aka saba. Idan kuna da ma'aunin hannu, lambar gaskiya za ku sa masa.

Idan babu tsohon allo

Sau da yawa kyamarar hannu ce ake saya, ba a san abin da aka sauya mata ba, ko kuma tsohon allon ya fashe. A nan sai a nemi wani ma'auni da aka amince da shi: ma'aunin hannu, ko wata kyamara da hotunanta suke fitowa daidai. A auna bango ɗaya da su biyun, lambar ISO ɗaya, kafar haske ɗaya, sannan a juya lambar ISO ta kyamarar da ake gwadawa har amsarta ta zo daidai da ta amintacciyar.

Idan wannan ma babu, akwai ƙa'idar rana. A rana tsantsa, abin da rana take haska shi ta gaba yana bukatar f/16 da saurin labule mafi kusa da lambar fim: fim mai 125, sauri 1/125. Ku auna katin toka a irin wannan rana ku kwatanta. Ƙa'idar tana kama babban kuskure, amma ba ta kai ta nuna sulusin mataki ba, kuma ba ta aiki ranar da hazo ya rufe sama.

Ku duba batir tukuna kafin ku ɗora wa allo laifi. OM-1 da tsohuwar Canon F-1 ta 1971 an yi su ne don batirin zaiba mai ƙarfin volt 1.35, wanda aka daina yi. Wanda yake shiga gurbinsa a kasuwa yawanci mai 1.5 ne, kuma wannan ɗan bambanci yana karkatar da allura da kansa. Ƙaramin batirin na'urar taimakon ji, mai 1.4, ya fi kusa da na asali, sai dai ba ya daɗewa.

Abin da gyara ɗaya ba ya warwarewa

Gilashi dabam, amsa dabam. Alluna masu haske sun fi tattara haske wuri guda, don haka bambancin da aka samu da gilashi mai buɗewa har f/1.8 ba lallai ya zama shi ne na gilashin da iyakarsa f/4 ba. Ku gwada kowane gilashi da kuke aiki da shi, ku rubuta nasa.

Da'irar tsakiya. Da gilashin da iyakar buɗewarsa ta kai f/5.6 ko ta fi haka tsukewa, rabin da'irar mai raba hoto yakan yi baƙi. Idan kyamarar tana auna ɗan wuri a tsakiya kaɗai, kuma ƙwayarta tana saman allo, awon ya lalace ta hanyar da lamba ɗaya ba za ta gyara ba. A irin wannan hali, ku koma awon fili duka, ko ku yi amfani da ma'aunin hannu.

Filasha. A kyamarori irin su FE2, hasken filasha daga fuskar fim ake auna shi, allo bai shafe shi ba. Amma lambar ISO ta shafe shi. Idan kun sauko da ita saboda allo, filasha za ta ba da haske fiye da kima. Ku mayar da lambar kan gaskiyarta duk lokacin da filasha ce babbar fitilar hoton, ku sake saukar da ita idan kun koma hasken rana.

Tabbatarwa a kan fim

Gani ya kori ji. Kafin ku karɓi aikin kuɗi da kyamarar, ku ba da hotuna biyar na fim ɗaya don gwaji. Ku zaunar da mutum a inuwa mai haske, sanye da farar riga, da wani baƙin ƙyalle mai zane a kafaɗarsa. Ku yi awo a kan katin toka kusa da fuskarsa. Ku ɗauki hoto ɗaya yadda ma'auni ya faɗa bayan gyara, biyu da ƙarin rabin mataki da mataki guda, biyu da ragin haka. A kowane hoto ya riƙe takarda mai nuna lambar.

Idan an wanke, nagatif za ku duba, domin injin buga hoto yana daidaita haske da kansa, ya ɓoye kuskure. Ku ɗaga fim ɗin ku fuskanci farin bango mai haske. Wuraren da suke baƙi a zahiri su ne suke fitowa fayau a nagatif. Idan kuna ganin zanen baƙin ƙyallen da siffar fuska a ciki, haske ya isa. Idan wurin ya zama fayau ba komai, haske ya gaza. Hoton farko ne ya kamata ya fi kyau. Idan wani ne ya fi, ku matsar da gyaranku zuwa gefensa, ku sauya abin da kuka rubuta a bayan kyamara.

Taƙaitawa

Hasken da yake zuwa fim ba ya bi ta allon saiti, amma a yawancin kyamarori ma'auni allon yake kallo.
Allo mai haske yana sa hoto duhu: a sauko da ISO, ko a yi ƙari.
Allo mai duhu yana wanke hoto: a haura da ISO, ko a yi ragi.
A auna kafin sauyi da bayansa, a ƙirga danni, a rubuta, a tabbatar a kan fim.

Tambayoyi

1. Me ya sa sauya allo yake shafar awon Nikon FE amma bai shafi na F3 ba?
2. Da tsohon allo, awo ya nuna f/5.6 da 1/250 a ISO 200. Da sabon allo ya nuna f/5.6 da 1/125. Sabon allon ya fi haske ko ya fi duhu? Wace lamba za a sa wa fim mai 200?
3. Gwaji ya nuna a sauko danni ɗaya. Wace lamba za a sa wa fim mai 100, da mai 200, da mai 400?
4. Me ya sa ba a dogara da hoton da aka buga wajen tabbatar da gyara?
5. Wane tanadi za a yi idan za a kunna filasha bayan an sauko da lambar ISO?

Aiki a aikace

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum uku ko huɗu, kowane rukuni da kyamara biyu. Ku ɗauki ɗaya a matsayin amintacciya, ku auna bango ɗaya da su biyun, ku nemo bambancinsu da danni. Ku sake yi a cikin ɗaki. Kowa ya rubuta sakamakon a littafinsa ya zo da shi aji na gaba, inda za mu koyi awon fuska idan haske yana bayan mutum.